Teburin Da Ke Cikin Kwamfuta

Mun san teburin akawu. A kansa akwai takardu da fayil-fayil, a ƙarƙashinsa kuma ga kwandon shara. To, haka aka tsara fuskar kwamfuta, don kada baƙo ya ruɗe.

A da ba haka take ba. Sai mutum ya haddace umarni, ya buga shi harafi bayan harafi. In ya kuskure ɗaya, injin ya ƙi. A 1968 wani Ba'amurke, Douglas Engelbart, ya nuna wa jama'a wani ɗan akwati mai cika tafin hannu. In an gusa shi a tebur, sai alama ta motsa a allo. Turawa suka ce masa ɓera, don wayarsa kamar wutsiya take. Mu kuwa muna ce masa linzami, gama da shi ake juya kwamfuta kamar doki. A 1973 kamfanin Xerox ya ƙera kwamfuta mai aiki da hotuna da linzami. Apple ya fito da Macintosh a 1984, Microsoft kuma ya fito da Windows a 1985.

Abubuwa huɗu za mu riƙe.

Na farko, kibiya. Ita ce yatsanmu a cikin allo. Inda muka kai linzami, nan take zuwa.

Na biyu, ƙananan hotuna. Kowane hoto yana tsaye a madadin wani abu: takarda, ko jakar takardu, ko kwandon shara. A Windows, in muka ɗora kibiya a kan hoto muka danna sau biyu da sauri, sai ya buɗe.

Na uku, taga. Abin da ya buɗe yana fitowa cikin fili mai kusurwa huɗu, shi ake kira taga. A samanta ta hannun dama akwai alamu uku. Ɗan layi yana ɓoye tagar a gindin allo, ba ta ɓace ba. Ɗan akwati yana faɗaɗa ta. Alamar X tana rufe ta.

Na huɗu, jerin zaɓi. Wannan jerin kalmomi ne da ke saukowa, mu zaɓi aikin da muke so: buɗewa, ko adanawa, ko gogewa.

Yanzu mu lura da kyau. Rubutun da muke yi, kafin mu adana shi, kamar zane ne a kan rairayi. In wuta ta ɗauke, yana iya tafiya duka. Saboda haka mu riƙa adanawa a kai a kai. Abin da muka goge kuwa yana faɗawa kwandon shara, ana iya dawo da shi muddin ba a zubar da kwandon ba.

Hotuna sun sauƙaƙa aiki, amma ba su ɗauke mana karatu ba. In za mu yi abu mai haɗari, wata 'yar taga tana fitowa da tambaya: a adana ko a bari? A goge ko a fasa? Wannan ba hoto ba ne, rubutu ne. Wanda bai karanta ba ya danna, ya yarda da abin da bai sani ba.

Haka yake a wayar hannu. Tun da iPhone ta fito a 2007, yatsa ya maye gurbin linzami a wayoyi masu yawa, amma tambayar tana nan. In za mu aika kuɗi, waya tana nuna sunan mai karɓa da adadin. Tsakanin Naira 5,000 da Naira 50,000 sifiri ɗaya ne kawai. Wanda ya miƙa wayarsa ga wani don ya karanta masa, ya miƙa masa asirinsa da aljihunsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu yi fashin aji. Mu karanta kafin mu danna. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin alamar X?
2. Ina abin da muka goge yake zuwa?
3. Me za mu duba kafin mu aika kuɗi?