Injin Gahawa Na Hannu: Araha Ko Jidali?

Gahawar esfireso, wadda ake tatsowa da ƙarfin inji irin na Italiya, ta daɗe da samun gindin zama a otal-otal da gidajen abinci na Wuse da Maitama a Abuja. Wasu magidanta da suka saba da ita suna sha'awar mallakar injin a gida, sai dai tsadar sabo takan karkatar da su zuwa ga na hannu, wanda wani gidan abinci ya sallamar ko aka shigo da shi cikin kayan Beljiyam.

Dalilin tsadar a fili yake. Daga waje ake shigo da injunan, musamman daga Italiya, ƙasar kamfanoni irin su Gaggia da Faema da La Marzocco. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa Naira mara a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, farashin kayan waje kuma ya bi ta.

Amma kuɗin saye somin taɓi ne. An ƙera injin kasuwanci don ya wuni a kunne yana hidimar jama'a, saboda haka tukunyarsa takan ci lita 10 na ruwa ko fiye, takan kuma ɗauki kusan rabin awa kafin ta yi zafi. Mai baki biyu yakan ja wat 3,000 zuwa 4,000, alhali ƙaramin injin gida bai cika wuce wat 1,500 ba. Soket ɗin gida mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000, don haka tilas a ja wa injin waya ta musamman, in ba haka ba ana wasa da gobara.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta mai da kuɗin wutar rukunin A Naira 225 kowane yunit. A wancan farashi, injin mai wat 3,500 da ya yi awa guda yana jan wuta zai lashe kusan Naira 790, ko da kofi biyu kacal aka sha. Idan aka ɗauke wuta kuwa, ƙaramin janareta ba zai iya ɗaukarsa ba.

Sai batun ruwa. Yawancin injunan nan da bututun famfo ake haɗa su, suna kuma bukatar matata, domin ruwan burtsatse yakan bar farin datti mai kama da alli wanda ke toshe hanyoyin tukunya. Ga kuɗin injin niƙa, wanda ba a samun esfireso mai kyau sai da shi, ga kayan gyara da sau da yawa sai an yi odarsu daga waje.

Saboda haka ya kamata mai saye ya guji cinikin biri a sama. Ya je da makanike, a kunna injin a gabansa, a duba ko ma'auni ya kai ba 9 da ake bukata, a duba yoyo da tsatsa da bawul ɗin da ke rage tururi. Ya karanta farantin jikin injin, domin wutar Nijeriya bolt 230 ce, wasu injunan Amurka kuwa na bolt 120 ne. Ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, gudun sayen kayan sata.

Ga gidan da ba a shan fiye da kofi huɗu a yini, ƙaramin inji sabo ya fi sauƙin riƙo. Babban injin na hannu ya fi dacewa da mai niyyar buɗe shago, inda ciniki zai biya kuɗin wuta.