Yadda Waya Ke Ɗinka Hoton Fanorama

Ranar sallah a ƙofar fadar Sarkin Lafia, fili yakan fi ƙarfin kyamarar waya. In ka kama ƙofar fada, dogarai sun fita daga hoton. In ka bi dogarai, jama'ar da ta cika titi ta ɓace. Ba laifin wayar ba ne. Idanun mutum biyu suna ɗebo abin da ya haura digiri 180 daga hagu zuwa dama, babbar kyamarar waya kuwa da ƙyar take wuce digiri 70. Shi ya sa masu ƙera waya suka sa wani zaɓi da ake kira fanorama: ka danna, ka juya a hankali kana bin kibiya, sai ga dogon hoto ya fito ɗauke da filin gaba ɗaya.

Wannan dogon hoto ba ɗauka ɗaya ba ce. Yayin da kake juyawa, wayar tana ta ɗaukar hotuna bi da bi, kowanne ya hau kan gefen na bayansa. Akwai 'yar na'ura a cikinta mai jin juyi, irin wadda ake amfani da ita a wasannin waya, ita ke gaya mata ta ina ka karkata da kuma saurin hannunka. Amma wannan kintace ne kawai. Ainihin aikin yana cikin hotunan: manhaja tana neman wuraren da ba sa ruɗuwa da wani, kamar kusurwar taga, ko kan hasumiyar masallaci, ko harafi a allon shago. In ta ga kusurwar taga ɗaya a hoto na farko da na biyu, sai ta matsar da su har kusurwar ta zauna kan 'yar uwarta. Tela mai haɗa fallen atamfa biyu haka yake yi, sai ya ga furen wannan gefe ya haɗu da rabinsa na wancan gefe kafin ya taka keke. Bambancin kawai, manhaja tana gwada ɗaruruwan alamomi a lokaci guda, ta watsar da waɗanda suka saɓa wa sauran.

Wani malamin kwamfuta a Jami'ar British Columbia ta Kanada, David Lowe, ya fito da shahararriyar hanyar gano irin waɗannan alamomi a 1999, sannan shi da ɗalibinsa Matthew Brown suka nuna a 2003 cewa kwamfuta za ta iya karɓar tarin hotuna a hargitse ta jera su da kanta. Daga nan za ka gane abin da ya sa fanorama ke wahala a lokacin hunturu: sama ta yi fari fat da hazo, duwatsu sun dushe, manhaja ta rasa abin kamawa.

Bayan jeri sai lanƙwasa. Duniya ta kewaye ka ne, allon waya kuwa shimfiɗaɗɗe ne, don haka manhaja takan ɗora hotunan a jikin wani zagayayyen bango na lissafi, sannan ta warware shi. Ka tsaya a bakin titin Makurdi da ke Lafia ka ɗauka daga wannan ƙarshe zuwa wancan, za ka ga miƙaƙƙen titi ya tanƙware, tsakiyarsa ta kumburo gabanka. Babu gyara a nan, lissafin ne ya zo da haka. Abin da take iya gyarawa shi ne haske, ta daidaita ɓangaren da ke fuskantar rana da wanda ke inuwa don kada bakin haɗin ya fito.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke ɓata hotonsu. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa saitin wata falwaya da ke nesa. Rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Yatsan zai yi tsalle gefe, falwayar kuwa tana nan. Tazarar da ke tsakanin idanunka ba ta wuce santimita shida da 'yan kai ba, amma ta isa ta sauya matsayin abin da ke kusa idan an gwada shi da na nesa. To mai ɗaukar fanorama da ya miƙe hannu ya juya da dukan jikinsa, ya ɗauke kyamarar ne daga wuri zuwa wuri, ba santimita shida ba, wajen rabin mita ko fiye. Hoton farko ya ce falwaya tana saitin ƙofa, na biyu ya ce tana saitin taga. Manhaja ba ta da yadda za ta gaskata duka biyun, sai ta zaɓi ɗaya, sai ka ga wayar lantarki ta tsinke a sama ko katanga ta yi tsani. Maganin ba ya cin ko kwabo: wayar ce za ta juya a inda take, kai ne za ka zagaya ta. Kuma ka nisanci abin da ke kusa. Duwatsun Eggon da ake hangowa daga hanyar Akwanga suna fita sumul a fanorama ko hannunka na rawa, saboda nisa ya shanye kuskuren.

Sai kuma lokaci. Gefen hagu na hoton ya girmi gefen dama da daƙiƙa goma ko fiye, kuma garin bai tsaya jiran ka ba. Keke napep da ya gifta yakan fito guntu babu baya, ko ya yi tsawo kamar bas, gwargwadon inda ya nufa. Wannan ba sabon abu ba ne. Kyamarar Cirkut, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1904, tana juyawa ne bisa ƙafa uku tana ɗaukar dogon layin sojoji ko 'yan makaranta, kuma yara sun gano cewa in mutum ya ruga ta bayan layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan kafin kyamara ta iso, zai fito sau biyu. Motocin Google Street View, da suka kawo hotunan titunan Legas a 2017, sun rage wannan matsala ne ta hanyar ɗora kyamarori da yawa a ka, duk su ɗauka tare.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, tsallen yatsan nan da ke ɓata fanorama shi ne jarin masu safiyo. Da shi ƙwaƙwalwa ke gane kusa da nesa, abin da Charles Wheatstone ya nuna a Ingila a 1838 da hotuna biyu na zane, ɗaya don kowane ido. In ka san tazarar da ke tsakanin wuraren ɗauka biyu, ka kuma auna yawan tsallen da abu ya yi, nisansa ya fito da lissafi. Jirgin da ke ɗaukar hoton taswira yakan bi layi yana ɗauka, kowane hoto ya maimaita kusan kashi 60 cikin ɗari na wanda ya gabace shi, don kowane gida da kowane kwazazzabo su bayyana daga wurare biyu ko fiye. Kan bene yana kusa da jirgi, don haka ya fi ƙasa tsalle, daga nan ake fitar da tsayinsa. Hukumar NAGIS mai kula da bayanan filaye a Jihar Nasarawa, wadda aka fara aikinta a 2012 zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, ta yi amfani da hotunan sama wajen tsara taswirarta. Yau ƙaramin jirgi maras matuƙi yana iya yin irin wannan aiki a unguwa ɗaya, ya nuna ta ina ruwan sama ke gangarawa zuwa rafin Amba na Lafia da inda zaizaya ke cin ƙasa.

Hoton sama shi ne wanda ake awo da shi. Fanoramar waya kuwa ba a awo da ita, ba a kuma ƙirga da ita. Lokacin siyasa za a turo maka dogon hoton taro a WhatsApp a ce ka ga jama'a. Kafin ka tura wa wani, buɗe shi sosai ka bi shi daga hagu zuwa dama, ka duba ko akwai mai jar hula ɗaya da ya fito sau biyu.