Abin da tayin ɓera ya koyar game da bitamin A da mai juna biyu

Cikin ɓera kwana 20 ne ko kusa da haka, shi ya sa masana ke bin girman tayinsa rana bayan rana. Wajen kwana na 7 zuwa na 8, wasu ƙwayoyin halitta kan taru a jikin fatar da ke kewaye da tayin, su zama jini da jijiyoyin jini na farko.

Ƙwayoyin ba sa yin wannan aiki da ka. Sinadarai ne ke kai musu saƙo. Babba daga cikinsu shi ne VEGF, wanda sashen jikin da ke ƙarancin iskar oksijin ke fitarwa. Idan ya isa ga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiya, sai su hayayyafa, su miƙa sabon reshe zuwa inda saƙon ya fito. A 1996, Peter Carmeliet a Beljiyam da Napoleone Ferrara a Amurka sun nuna cewa tayin da ya rasa ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado biyu masu sarrafa VEGF yakan mutu kafin a haife shi, domin jijiyoyinsa ba su ginu ba.

Wani saƙon kuma daga bitamin A jiki ke ƙera shi, wato sinadarin retinoyik. Shi ke taka wa ƙwayoyin birki, don jijiyoyin su rarrabu zuwa manya da ƙanana. Tayin da ya kasa ƙera shi yakan mutu wajen kwana na 10. Idan kuma ya yi yawa, sai ya jawo nakasa a zuciya da fuska.

A jikin ɗan Adam, jijiyoyin jini na fara ginuwa a mako na 3 bayan ɗaukar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ba. Don haka ya kamata mace ta riƙa samun bitamin A daga abinci tun kafin ciki: zogale, alayyafo, karas, kabewa, mangwaro, ƙwai da madara.

Jan ƙwanson bitamin A da ake ɗiga wa yara ƴan wata 12 zuwa 59 ya fi ƙarfin tayi ƙwarai. Mai juna biyu, ko wadda ke zaton tana da shi, kada ta sha. Ta je awon ciki da wuri, ta nemi shawarar ungozoma.