Inshorar Lafiya a Gaɓar Tafkin Kainji: Wa Zai Zama Amintaccen Wakilin Baƙo?

Ƙasar Yauri ƙasa ce ta mahaɗar al'ummu tun fil azal. Daga Yelwa zuwa Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, har zuwa ƙauyukan Shanga da ke bakin Kogin Neja, za mu tarar da Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Hausawa da Fulani suna cin kasuwa ɗaya, suna shiga jirgi ɗaya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, aka sauya wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, tafkin ya zama wurin neman abinci ga masunta daga nesa, ciki har da 'yan Nijar da Mali da Benin. A kan waɗannan kuma ga fatake daga kudancin Nijeriya, ga masu haƙar zinariya, ga matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda wasunsu ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa sai Turanci.

Dukkan waɗannan bayin Allah akwai abin da ya haɗa su: ranar da ciwo ya kwantar da mutum, aljihunsa ne ke amsa tambayar likita. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da iyalansu yake fitowa kai tsaye. Ɗan gari yana da dangin da za su yi masa karo-karo, ko akuyar da za a kai kasuwa. Baƙo kuwa sau da yawa ba shi da ko ɗaya. Shi ya fi kowa bukatar inshorar lafiya, kuma shi ya fi kowa saurin faɗawa hannun wanda zai cuce shi da sunanta, domin bai san hanya ba, bai kuma ji harshen da aka rubuta takardar da shi ba.

Nauyin cuta a bakin ruwa

Zama kusa da ruwa ni'ima ce mai tafe da jarrabawarta. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na shekarar 2021 ya nuna Jihar Kebbi ce kan gaba a duk Nijeriya, inda aka sami ƙwayar cutar a jikin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa, a watan Disamba na 2024, aka fara ba da allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa kafin sauran jihohi. Ga kuma tsargiya, wadda ta daɗe tana addabar yaran da ke wanka da su a tafkin. Ga haɗurran jiragen ruwa, irin wanda ya auku kusa da Wara a watan Mayu na 2021, wanda ya girgiza ƙasar nan baki ɗaya.

Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, sai a nufi Babban Asibitin Yauri. Idan ya fi ƙarfin nan, sai doguwar tafiya zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Kowane zango yana da kuɗinsa: na jirgi, na mota, na gwaji, na magani, na abincin mai jinya. Iyali nawa muka sani da suka sayar da koma ko injin jirgi saboda tiyatar haihuwa guda ɗaya?

Abin da doka ta tanada

An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, amma ya daɗe bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya da iyalansu ba. A watan Mayu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Nijeriya. Mu lura da kalmar mazauni: hukuncin bai tsaya kan ɗan ƙasa kaɗai ba, ya haɗa da baƙon da ke zaune a cikinta bisa ƙa'ida.

A matakin jiha, hukumar KECHEMA ce ke kula da tsarin taimakekeniya na kiwon lafiya a Kebbi. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, domin a yi wa masu rauni rajista ba tare da sun biya ba. Bayan waɗannan akwai kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, waɗanda ke sayar da nasu tsare-tsaren, kuma ba su da ikon aiki sai da amincewar NHIA. Su kuwa kamfanonin inshora da na takaful da dillalansu, lasisinsu yana hannun hukumar NAICOM.

Wannan yawan ƙofofi shi ne ke rikita mai nema. Ofisoshi galibi suna manyan birane, takardu da Turanci suke, shi ya sa mutumin Wara ko Shanga ke bukatar wani ya tsaya tsakaninsa da su. A nan ne wakili ya shigo, a nan ne kuma amana ta shigo.

Yadda malamai suka kalli inshora

Abin sha'awa ne cewa mas'alar inshora ta hanyar baƙi da wakilansu ta shigo littattafan fiƙihu. Babban malamin Hanafiyya na Damaskus, Ibn Abidin, wanda ya rasu a 1836, yana cikin na farko da suka tattauna ta. Ya yi magana kan fataken da ke biyan wani kuɗi ga Baturen da ke ƙasarsa domin ya lamunce musu kayan da suka ɗora a jirgi, alhali yana da wakili mazaunin tashoshin jiragen ruwa na daular Musulunci mai karɓar kuɗin da biyan diyya. Malamin bai ga halaccin karɓar diyyar ba idan an ƙulla yarjejeniyar a ƙasar Musulunci.

A ƙarni na ashirin muhawarar ta faɗaɗa. Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya ya tafi a kan halaccin inshora, Shaihu Siddiƙ Darir na Sudan kuwa ya nuna cewa inshorar kasuwanci cike take da garari, wato jahiltar abin da za a samu a madadin abin da aka biya. Hani ga cinikin garari ya tabbata a hadisin Abu Huraira da Imamu Muslim ya ruwaito. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci mai ƙayyadadden kuɗi haramun ce, amma inshorar taimakon juna da aka gina a kan kyauta da agaji halal ce. A zamanta na Dubai a 2005 ta sake duba inshorar lafiya a keɓe, ta halatta ta idan ta bi ta hannun kamfanin taimakekeniya mai kiyaye ƙa'idojin Shari'a.

Tushen wannan halacci a bayyane yake. Aya ta biyu a Suratul Ma'ida ta umarce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'arawa, waɗanda idan guzurinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Shari'a ta kuma tabbatar da tsarin aƙila, inda dangi ke haɗuwa su ɗauki diyyar kisan kuskure. A kan wannan harsashi aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979, Maleshiya ta yi dokar takaful a 1984, a nan gida kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka biyo baya.

Manoman Yauri da suka san gayya, da matan da suka san adashi, ba baƙon abu aka kawo musu ba. Asusun da jama'a ke zuba kuɗi a ciki domin a yi wa wanda ciwo ya sama magani, ba don wani ya ci riba daga rashin lafiyarsu ba, shi ne mafi kusa da abin da malamai suka halatta. Don haka tambayar farko da mai kishin addininsa zai yi wa wakili ita ce: kuɗin nan da zan biya, asusun wa zai shiga, kuma idan ya yi rara ina za ta tafi?

Wakili da tafinta a ma'aunin Shari'a

Wakilci amana ne. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa wakili amintacce ne a kan abin da aka ba shi, ba ya ƙetare iyakar da aka gindaya masa, ba ya ɓoye aibin abin da yake sayarwa. Ladan dillanci halal ne matuƙar sananne ne. Abin da ba ya halatta shi ne wakili ya nuna kamar yana yi wa mutum nasiha saboda Allah, alhali yana tura shi ne inda kamashonsa ya fi tsoka.

Batun harshe ma ba sabon abu ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu da rubuta musu amsa, saboda saƙo mai nauyi ba a barinsa a hannun wanda ba a amince da shi ba. Yardar juna sharaɗi ce ta ingancin ciniki, yarda kuwa ba ta tabbata a kan abin da mutum bai fahimta ba. Bazabarmen da ya dangwala yatsa a takardar Turanci, da ɗan hidimar ƙasa da aka yi wa bayani da Hausar da bai ji ba, duk matsalarsu ɗaya ce.

A nan akwai tarkon da ya kamata mu ankara da shi. Baƙo yakan saki jiki da duk wanda ya yi masa magana da harshensa, ko Turanci ne ko Zabarmanci ko Faransanci. Amma iya harshe daban, riƙon amana daban. Mai zaƙin baki yana iya zama maha'inci, mai ƙarancin magana ya zama mai gaskiya. Harshe ƙofa ce kawai ta fahimta, ba shaidar gaskiya ba ce.

Alamomin wakilin ƙwarai

Abu na farko, a san wanda ya aiko shi. Wakilin gaskiya yana da katin shaida da sunan hukuma ko kamfani, kuma ba ya jin haushi idan aka ce za a tabbatar da shi a ofishin KECHEMA ko na NHIA, ko a tambayi jami'in da ke kula da masu inshora a asibiti.

Na biyu, a duba inda kuɗi ke shiga. Kuɗin rajista asusun hukuma ko na kamfani yake shiga, a kuma karɓi rasit. Wanda ya ce a tura asusunsa na kansa, ko ya nemi na goro a kan rajistar masu rauni wadda gwamnati ta riga ta biya, a guje shi.

Na uku, a tambayi asibiti tun kafin a biya. Katin da ba a karɓarsa sai a Abuja ko Legas ba zai amfani masunci a Wara ba. A ji sunan asibitin da za a riƙa zuwa, a ji yadda ake tura mara lafiya zuwa babban asibiti, a kuma ji abin da zai faru idan ciwo ya kama mutum a tsallaken tafki, a ɓangaren Jihar Neja.

Na huɗu, a nemi ya faɗi abin da tsarin bai ƙunsa ba. Kowane tsari yana da cututtukan da ya ware, wasu suna da lokacin jira kafin kati ya fara aiki, a wasu kuma mara lafiya ne ke biyan wani kaso na kuɗin magani. Wakilin da ya ce komai kyauta ne, ko bai san aikinsa ba, ko kuma yana ɓoye wani abu.

Na biyar, kada baƙo ya je shi kaɗai. Ya tafi da mai masaukinsa, ko shugaban 'yan ƙasarsu, ko wani malamin makaranta da ba shi da ko sisi a cinikin, a karanta masa takarda layi-layi, ya riƙe kwafinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma hikimarta ta shafi duk wata mu'amalar kuɗi da ke da wa'adi.

Nauyin da ke kanmu

Ba daidai ba ne mu bar wa baƙo wannan aiki shi kaɗai. Musulunci ya ba matafiyi haƙƙi har a cikin zakka, ya kuma sanya girmama baƙo da maƙwabci cikin alamomin imani, ba tare da la'akari da ƙabilarsa ko addininsa ba. Limamanmu na Juma'a a Yelwa da Wara da Shanga suna iya ware huɗuba guda su bayyana wa jama'a bambancin inshorar kasuwanci da ta taimakekeniya, domin da yawa sun guje wa duka biyun bisa zaton hukuncinsu ɗaya ne. Sarakunan ruwa da shugabannin kasuwa suna iya tsayar da mutum ɗaya sananne a kowace tashar jirgi, mai jin harsuna biyu ko uku, wanda hukuma ta san da shi. Hukumomin kuma su fassara takardunsu zuwa Hausa ta boko da ta ajami, su kai rajista bakin ruwa ranar kasuwa.

Masarautar Yauri, ƙarƙashin Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, tana da martabar da za ta iya haɗa malamai da jami'an lafiya da shugabannin baƙi a zaure ɗaya kan wannan batu. Neman magani umarni ne na Manzon Allah, tanadi kuma ba ya kore tawakkali, kamar yadda ɗaure raƙumi bai kore shi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya haɗa baƙinmu da amintattu, Ya kuma sa mu kasance cikin masu riƙon amana.