Maganin taɓin hankali da ciwon huhu a jikin tsofaffi

Sanyi ya fi tsanani a watannin Disamba da Janairu. A ƙauyukan gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, lokacin ne tari ke yawa, ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin wutar da ake hurawa cikin ɗaki da dare. Ciwon huhu, wanda wasu ke cewa sanyin haƙarƙari, yakan kama yara da tsofaffi. Amma akwai tsohon da ya fi kowa shiga haɗari. Shi ne wanda yake shan maganin taɓin hankali ko maganin barci.

Kowa ya san gigin tsufa. Tsoho yakan manta sunan jikokinsa, ya ƙi barci, ya fita da tsakar dare yana cewa za shi gona. Iyali su gaji. Wasu su kai shi likita. Wasu kuwa su je kasuwa wurin mai tallan magani, su sayo ƙwayar da za ta kwantar da shi. Magungunan da aka fi sani su ne haloperidol, da chlorpromazine mai suna Largactil, da diazepam da ake kira Valium.

Ga yadda abin yake faruwa. A wuyan mutum hanya biyu ce, ɗaya ta abinci, ɗaya ta numfashi. In mai lafiya ya ƙware, sai ya yi tari da ƙarfi, abin ya fito. Waɗannan magunguna suna kashe jiki, suna sa gyangyaɗi, suna nauyaya haɗiya. Wasu suna busar da baki, wasu suna sa dalalar miyau. Sai fura ko kunu ko miyau ya bi hanyar numfashi ya sauka cikin huhu, tare da ƙwayoyin cuta na baki. Tsohon ba shi da ƙarfin tarin da zai fid da shi. Bayan kwana kaɗan huhu ya kamu.

Likitocin ƙasashen waje sun bincika. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan sababbin magungunan taɓin hankali. Ta ce masu gigin tsufa da ke shan su sun fi mutuwa, yawanci ta ciwon zuciya ko ciwon huhu. A 2008 ta haɗa da tsofaffin magunguna irin su haloperidol. A wannan shekara likitocin ƙasar Holan suka gano haɗarin ya fi yawa a makon farko na fara shan magani. A 2017 an ga irin haka a ƙasar Finlan game da dangin diazepam.

Wurin da ake yin kuskure babba shi ne nan. Ciwon huhu a jikin tsoho ba kullum yake zuwa da zazzaɓi ba. Wani lokaci alamarsa ta farko ruɗewa ce. Tsohon ya ƙara sambatu, ya ƙi abinci, ya kasa tashi. Iyali su ce ciwon kan ne ya motsa, ko iskoki ne, su ƙara masa ƙwaya. Ƙwayar ta ƙara kashe masa jiki, ciwon ya ci gaba. Don haka a duba numfashinsa. In yana haki, ko yana numfashi sau 30 a minti ɗaya, ko haƙarƙari na yi masa ciwo, ko tari da majina mai launi, a nemi amalanke ko babur a kai shi likita mafi kusa ran nan. A tafi da kwalin maganin da yake sha, majo ya gani. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi asibitin gunduma ko babban asibitin Maraɗi.

Wanda likita ya rubuta wa magani, kada a tsayar masa da shi kai tsaye. Maganin yana da amfani ga mai buƙatarsa, kuma tsayar da shi farat ɗaya yana iya tayar da ciwon, ko ya kawo jijjiga. Likita ne mai ragewa. A gaya masa in tsohon ya fara ƙwarewa ko yawan barcin rana.

Sauran aikin na gida ne. Kada a ba tsoho abinci yana kwance ko yana gyangyaɗi. A zaunar da shi sosai, a jingina shi da bango. A ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin ludayi, ba a ɗura masa ba. Bayan ya gama, ya zauna kamar rabin awa kafin ya kwanta. A goge masa haƙora da asuwaki safe da yamma, a kurkure bakin. In an hura wuta a ɗakinsa, a bar ƙofa ko taga a ɗan buɗe, hayaƙi ya sami hanyar fita.