Rediyon Oba-Oba a Babbar Mota: A Kula da Wayar Eriya

Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna cikinsu, kuma ba a maido musu da layi ba sai a watan Disamba na shekarar. A tsawon waɗannan watanni, direban da motarsa ta lalace tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ba shi da hanyar kiran kowa, sai dai ya jira mai wucewa.

Akwai na'urar da ba ta dogara da turken kamfanin waya ba, ita ce rediyon oba-oba. Irin wanda direbobin manyan motoci suka saba da shi a Amurka sunansa CB. An ware masa zangon megahaz 27 a can tun 1958, ya bazu a hannun direbobi bayan ƙarancin man fetur na 1973, kuma yana da tashoshi 40. Ƙarfinsa kaɗan ne, wat 4 kacal. Tsakanin mota da mota 'yan kilomita yake kaiwa, don haka ba zai kai magana daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ba. Amfaninsa shi ne ga motocin da ke tafiya a ayari, na gaba ya faɗa wa na baya halin da hanya take ciki.

Tun da ƙarfin kaɗan ne, bai kamata a yi asarar ko ɗigonsa ba. Ɗaya daga cikin wuraren da ake yin asarar kuwa shi ne wayar da ta haɗa rediyo da eriya. Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe ya san cewa kome ƙarfin injin ban-ruwa, in mesa ta huje, ruwan da zai isa fangali kaɗan ne. Haka lamarin yake ga wannan waya.

Yadda wayar take

Idan aka yanka ta za a ga hawa huɗu. A tsakiya akwai zaren jan ƙarfe, shi ne mai ɗaukar magana. Farar roba ta lulluɓe shi. A kan robar akwai saƙar siraran wayoyi kamar raga, wadda ke hana magana yoyo, ta kuma tare ƙarar injin mota kada ta shiga. Daga waje sai baƙar roba mai kare su duka daga rana da ruwa.

A karanta rubutun jikinta

Kowace waya ta kirki tana da rubutu a jikinta. Rediyon oba-oba an ƙera shi ne ya yi aiki da waya mai awon om 50. Wadda aka fi amfani da ita a mota an rubuta mata RG-58, kaurinta kamar milimita 5. Akwai RG-8X, wadda ta ɗan fi ta kauri kuma ta fi ta riƙe ƙarfi. Akwai RG-213 mai kaurin milimita 10, amma ta fi dacewa da rediyon da aka girke a ofis ko tasha, domin ba ta lanƙwasuwa cikin sauƙi.

Wayar da ta cika shagunan kayan lantarki ita ce ta dish da talabijin, mai rubutun RG-6, awonta om 75. A ido sun yi kama, ga ta da araha, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma aibinta uku ne a mota. Na farko, awonta bai dace da na rediyon ba, sai wani ɓangare na ƙarfin ya riƙa komowa baya. Na biyu, zaren cikinta sanda ɗaya ne, sau da yawa baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa jan ƙarfe, kuma girgizar mota a hanya mai gargada tana iya karya shi a ciki ba tare da an gani ba. Na uku, ragarta yawanci ta alminiyon ce, wadda ba ta kama dalma, don haka mahaɗinta ba ya daɗewa. Wuri ɗaya ake amfani da waya mai om 75 a mota, wato in an kafa eriya biyu, dama da hagu, kuma ita ma akan sayo ta ne a haɗe musamman don wannan aiki.

Wannan yana cikin ranar da karatu ke yi wa mutum. Direban da ya iya bambanta 58 da 6, ko 50 da 75, mai shago ba zai ba shi wata wayar da sunan wata ba.

Gwaji a gaban mai shago

Rubutu kaɗai bai isa ba, domin akwai jabu. Sai a roƙi mai shago ya fere bakin wayar kaɗan. A duba raga: in saƙar ta yi kauri har ba a hango farar roba ta cikinta, mai kyau ce. In ta yi sharara kamar tsohuwar rariya, a bar ta. A duba zaren tsakiya: wanda aka murɗa daga sirara da yawa ya fi jure girgiza. Sa'an nan a kanga masa maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne. Jan ƙarfe na gaskiya ba ya mannewa. In ya manne, akwai baƙin ƙarfe a ciki.

Tsawo da shimfiɗawa

Yawancin wayoyin da ake sayarwa a haɗe tsawonsu ƙafa 18 ne, wato mita biyar da rabi. A wannan tsawo RG-58 takan cinye kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin rediyo. In ta kai mita 30, asarar ta doshi rabi. Saboda haka a sayi daidai abin da zai kai, kuma a guji ƙulle-ƙulle, domin kowane ƙulli ƙofar ruwa ne da tsatsa. In ta yi saura, kada a naɗe ta tamau kamar gammo. A shimfiɗa ta sako-sako a ƙarƙashin kujera.

Kada a bi da ita ta bakin ƙofa inda za a riƙa datse ta, ko kusa da salansa inda zafi zai narka ta. Inda ta ratsa ramin ƙarfe a sa mata zoben roba. Mahaɗin da ke waje a naɗe shi da tef sosai tun kafin damina. Masu motocin bodin katako su lura: gindin eriya yana bukatar ya taɓa ƙarfen kan mota, a kankare fenti a wurin. In an ɗaura shi a jikin katako ba zai yi aiki yadda ya kamata ba.

Bayan an gama, mai gyaran rediyo ya auna da mitar da ake kira SWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da ke komowa. In ta nuna 1.5 ko ƙasa da haka, aiki ya yi kyau. In ta haura 3, kada a danna maɓallin magana sai an gano laifin, domin rediyon zai yi zafi, yana iya ƙonewa.

Takarda kafin saye

A Nijeriya zangon rediyo yana hannun gwamnatin tarayya, kuma Ma'aikatar Sadarwa da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, su ne masu ba da izini. A yanki irin namu, wanda aka samu da oba-oba a shingen bincike ba tare da takarda ba ya jawo wa kansa zargi. Don haka mai mota ya fara tuntuɓar shugabannin ƙungiyar direbobi na tasharsa da ofishin 'yan sanda, ya nemi izini, ya ajiye takardar a cikin mota tare da lasin. Bayan nan ne zai shiga kasuwa, da maganaɗisunsa a aljihu.