Cajin Motar Lantarki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 zancen motar lantarki ya yawaita. Kwanar Dangora kuwa mararraba ce, nan hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da ta Zariya, saboda haka watakila a zo wa Hakimai neman filin kafa tashar caji.

Caji hawa uku ne. Na farko soket ɗin gida, mota takan kwana a kai ba ta cika ba. Na biyu akwatin bango, kilowat 7 zuwa 22, sa'o'i kaɗan. Na uku mai sauri, kilowat 50 ko fiye: kafin direba ya yi salla ya ci abinci batir ya kusa cika. Amma fa wutar kanti ba ta ɗaukarsa.

Bakin filogin mai sauri kuma iri-iri ne: na Turai CCS2, na Japan CHAdeMO, na Sin GB/T. Wannan ba ya shiga wancan sai da mahaɗi. To, malami ya tambayi mai neman fili wane baki zai sa, ina kuma wuta za ta fito, ya rubuta. Tashar da aka buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, a 2021, da hasken rana aka haɗa ta.